Ƙofar gida taka ce, amma gabanta na jama'a ne

Cikin rigingimun da ba sa ƙarewa tsakanin maƙwabta a unguwannin mutanenmu na Makka da Jidda akwai ta hanya. Wani ya kafa rumfar mota a gaban gida, wani ya jera tsoffin tayoyi don kada a tsaya masa a ƙofa, wani ya zuba siminti ya yi gangare har tsakiyar lungu. Kowa cewa yake "ai ƙofata ce". A dokar Saudiyya iyakar mutum tana inda takardar mallakar gida, wato sakk, ta ce. Abin da ya wuce nan, da rasif (daɓen masu tafiya a ƙasa a gefen titi) da lungu da titi, yana hannun hukumar gari: a Makka Amanatul Asimatil Muƙaddasa, a Jidda Amanar Jidda, kowacce da ƙananan ofisoshinta na unguwanni da ake kira baladiyya.

Kafin a ɗaga murya a fara duba sakk. Yana lissafa iyakoki huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, da tsawon kowane gefe da abin da ya yi iyaka da shi. Inda aka rubuta "shari'" ko "mamarr" tare da faɗinsa a mita, to wannan hanyar jama'a ce. A ɗauko tef a auna daga bango zuwa bango. Idan takarda ta ce mita 6 aka sami 5, wani ya ci mita guda. Sai dai awon tef ba hujja ba ne a gaban hukuma, ana bukatar ofishin injiniya mai lasisi ya zo ya auna ya fitar da kuroki, wato zanen awon filin. Ɗan haya ba shi da sakk, amma yana da damar kai ƙorafi kamar kowa.

Hanyar ƙorafin biyu ce: a kira 940, lambar ƙorafi ta baladiyya, ko a shiga manhajarta ta Balady, wadda ake buɗewa ta Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, da lambar iƙama ko katin ɗan ƙasa. Nan ne mutane ke yin sake. A ɗauki hoton ana tsaye a wurin, da rana, GPS a kunne, domin manhajar tana maƙala wa ƙorafin wurin da wayar take, wanda ya koma ɗaki ya aika ya tura mai bincike wani layin daban. Hoto ɗaya daga nesa da zai nuna yadda aka toshe hanya, ɗaya daga kusa. A ƙara gajeren adireshin ginin, mai harufa 4 da lambobi 4. Lambar ƙorafin da za ta shigo ta saƙon waya a adana ta, da ita ake bibiya, da ita kuma ake cewa ba a gamsu ba idan aka rufe maganar abin yana nan.

Wani abin da ke kashe ƙorafi shi ne kai shi gidan da ba nasa ba. Motar da aka faka yau a kan rasif aikin Murur ne, wato 'yan sandan hanya. Wadda ta shekara a wurin, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe ta, ta baladiyya ce: suna manna mata takardar gargaɗi, wa'adi ya cika su ja ta. Bututun da ya fashe ko shadda da ta yi ambaliya na kamfanin ruwa ne, wayar wuta da ta fito fili kuma a kira kamfanin lantarki a 933.

Mai gini da mai shago su ma da tasu ƙa'idar. Zuba yashi da bulo a bakin hanya, ko fito da kujerun gidan abinci kan rasif, sai da izinin da ake nema ta Balady, ɓaraguzai kuma sai a kwantena. Ruwan iyakwandishan da ke ɗiga kan masu wucewa, ɗan tiyo ne maganinsa, amma a wasu gidajen sai an kai ƙara.

Akwai kuma hanyar da ba ta jama'a ba, kamar gidan da ke bayan wani, ba shi da mafita sai ta filin maƙwabci. Wannan haƙƙul murur ne, wato haƙƙin wucewa, 940 ba ta da abin cewa a kai. Yana cikin dokar mu'amalolin jama'a da ta fara aiki a Disambar 2023, ana shigar da ƙararsa kotu ta Najiz, dandalin intanet na ma'aikatar shari'a. Dattawa kan kawo hadisin da ya ce idan an yi saɓani kan hanya a bar mata faɗin kamu bakwai, wato mita uku da 'yan kai. Malamai sun bayyana cewa wannan na hanyar da za a fitar sabuwa ne. Wadda aka tarar da faɗin kamu goma, ba wanda ke da izinin yanke uku ya haɗa da gidansa.