Ƙas-ƙas ɗin yatsu

Tun ina yaro Inna take buge mini hannu in ta ji na lanƙwasa yatsu sun yi ƙas, wai amosanin gaɓɓai nake gayyata. Har yau ban daina ba, musamman in na gaji da rubutu.

Ashe ba ƙashi ne ke ƙarar ba, kumfar iska ce a ruwan gaɓa, shi ya sa sai an jima kafin yatsan ya sake yi. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya shafe shekara 60 yana yi wa hannun hagunsa kaɗai, amosanin bai kama ko ɗaya daga hannayensa biyu ba. Haƙuri sai shi!

Amma fa in da zafi ko kumburi, a je asibiti. A cikin sallah kuma makaruhi ne.