Wuya Ke Ciwo, Amma Baya Aka Yi Wa Magani

Ciwon wuyan da ya dame ni ba irin mai kwantar da mutum ba ne, mai naci ne kawai. Yakan taso daga ƙeya da yamma, ya gangaro kafaɗu, wani lokaci ya haura har bayan ido. Aikina na zama gaban kwamfuta ne. An yi tausa, an shafa man zafi, an canza matashin kai, sauƙin dai ba ya daɗewa.

Likitan gashin ƙashin da na gani bai fara da wuyan ba. Jingina ni ya yi da bango, diddige da allon kafaɗa duk sun taɓa, sannan ya ce in kai ƙeyata ta taɓa bangon. Na kasa, sai da na ɗaga haɓa sama. Ya ce, "Malam, ai wuyanka bashin bayanka yake biya."

Dama ƙashin baya ba miƙaƙƙe ba ne. Tsakanin wuya da ƙugu akwai ƙasusuwa 12 da haƙarƙari ke haɗe da su, kuma suna da lanƙwasa ta halitta, wajen digiri 20 zuwa 45. Idan ta zarce haka sai doro ya fara fitowa, kafaɗu su zubo gaba, kai ya bi su. To mutum ba zai yini yana kallon ƙasa ba, dole ya ɗaga fuska ya ga gabansa. A nan ƙasusuwa 7 na wuya ke shan wahala: na ƙasa sun karkata gaba, na sama sun tanƙwaru baya, ƙananan tsokokin gindin ƙoƙon kai kuma suna ɗaure tun safe. Kan baligi ya kai kusan kilo 5. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa sunkuyar da kai digiri 60, irin wanda muke yi a kan waya, yana ɗora wa wuya nauyin kusan kilo 27.

Nawa doron na yanayin zama ne, shi ya sa in na kwanta rigingine yake miƙewa. Akwai wanda ba haka ba: na cutar Scheuermann da ke bayyana lokacin balaga, da na tsofaffi waɗanda ƙashinsu ya yi rauni har ya ɗan murƙushe. Waɗannan sai an ɗauki hoton ƙashi, kuma ba a danna su da ƙarfi.

Atisayen da aka ba ni ba shi da yawa. In naɗe tawul, in kwanta a kansa daidai tsakiyar allon kafaɗu, hannuwa na tallafe da kai, in bar ƙirji ya buɗe. In tsaya a bakin ƙofa in dafa gefe da gefe in miƙar da tsokar ƙirji. In ja robar atisaye zuwa jikina don ƙarfafa tsakanin kafaɗu. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne mafi sauƙin gani: janye haɓa baya a hankali, ba sunkuyawa, ba ɗaga kai. Da farko wuyan har rawa yake, don tsokokin gaban wuyan nan sun daɗe ba sa aiki. Na kuma ɗaga allon kwamfutar ya zo daidai ido.

Bel ɗin nan mai ja kafaɗu baya da ake talla, ni ban ga amfaninsa ba. Da ka cire shi ka koma gidan jiya. Zama ƙiƙam da ƙarfin tsiya ma gajiya kawai yake kawowa. Tashi akai-akai ya fi min duka biyun.

Ciwon ya ragu tun kafin surar bayan ta canza, kuma har yanzu doron bai tafi gaba ɗaya ba. Na san masu doron da ya fi nawa da ba su taɓa kukan wuya ba, don haka ba kowane ciwon wuya ne za a ɗora wa baya ba. Likitan ya ja kunnena cewa in hannu ya fara sagewa ko rauni, ko abu ya riƙa suɓucewa daga yatsu, ko tafiya ta fara tangaɗi, in ajiye tawul in koma asibiti ranar.