Kafin ka yarda da lamba, tambayi yadda aka ƙirga ta

Duk wanda ya buɗe shafi ko ya saki manhaja a intanet, abin da ransa yake fara so ya sani shi ne mutum nawa suka shigo. Wannan ba laifi ba ne. Ka sha wahala ka gina abu, dole ka so ganin ko ana amfani da shi. Amma ƙannena, akwai abin da nake so ku sani tun da wuri, wanda ni sai da na yi asara na san shi: kowace lamba da ke kan allon alƙaluma akwai ƙa'idar da aka bi aka ƙirga ta, kuma wani ne ya zauna ya tsara ƙa'idar saboda tasa buƙatar. Idan ba ka san ƙa'idar ba, lambar za ta sa ka ɓata aikinka da hannunka kana ganin gyara kake yi.

Aikina ɗan dandalin koyon karatu ne, inda mutum yake yin rajista, ya bi darussa, ya amsa tambayoyi. Da farko na dogara da alƙaluman da manhajoji irin su AWStats da Webalizer suke haɗawa daga rajistar sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin tana miƙa shi ga masu ziyara. Layuka ne da yawa a wurin, sai idona ya tafi kan wanda ya fi girma, na ɗauka yawan mutane ne. Ashe yawan buƙatun da sabar ta amsa ne. Idan mutum ɗaya ya buɗe darasi mai hotuna goma, burauzarsa, wato manhajar da yake buɗe shafi da ita, za ta nemi rubutun, ta nemi kowane hoto daban, ta nemi fayil ɗin da ke tsara kamannin shafin, kowanne kuma a rubuta shi a layinsa. Da wannan lambar na je wurin wani da nake so ya sa hannu a aikin, na faɗa masa ita da zuciya ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "To, mutum nawa ne suka ƙarasa darasi ko da ɗaya a makon jiya?" Ba ni da amsa, domin ban taɓa ƙirga wannan ba.

Bayan wannan zaman ne na buɗe ainihin rajistar na karanta ta layi-layi, kuma ina roƙon kowannenku ya yi haka ko sau ɗaya ne. Kowane layi yana ɗauke da adireshin IP, wato lambar da ke nuna inda buƙatar ta fito a intanet, da lokaci, da fayil ɗin da aka nema, da sunan abin da ya nema. Nan na ga Googlebot da Bingbot, na'urorin da Google da Bing ke turawa su karanta shafuka, suna zagayawa, waɗannan masu gaskiya ne, suna faɗin sunansu, manhajar ƙidaya ma takan ware su gefe. Na kuma ga wasu da suke kiran kansu burauza ta mutum, amma suna neman shafi bayan shafi cikin daƙiƙa guda, abin da yatsan ɗan Adam ba zai iya ba. Wasu kuma a tsakiyar dare suna ta neman wp-login.php, ƙofar shiga WordPress, wata manhajar gina shafuka, alhali ni ban taɓa amfani da WordPress ba. Masu laluben ƙofar da aka bari a buɗe ne. A cikin sauran da suka rage, adireshin da ya fi kowanne yawan zuwa nawa ne, ni da nake shiga ina gwada kowane gyara. Taron tsintsiya ne babu shara. Don haka tun ranar farko ka cire kanka da abokan aikinka daga ƙidaya. Kusan kowace manhajar ƙidaya tana da wurin yin hakan.

Daga nan na koma Google Analytics, wanda Google ya fito da shi a 2005 bayan ya sayi kamfanin Urchin. Shi ba rajistar sabar yake karantawa ba. Ɗan rubutun umarni na kwamfuta da ake kira JavaScript ake saka wa shafi, sai ya yi aiki a cikin burauzar mai ziyara ya aika da rahoto. Lambobina suka faɗi warwas, hankalina ya tashi, na ɓata lokaci mai yawa ina neman wanda ke ƙarya a cikin biyun. Babu mai ƙarya, abubuwa biyu daban suke ƙirgawa. Sabar tana ganin kowa har da na'urori. Rubutun JavaScript kuma ba ya ganin wanda ya sa manhajar toshe talla da bibiya, ba ya ganin wanda ya ƙi yarda da kukis (ƙananan alamomin da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane ta) inda aka ba shi zaɓi, ba ya ganin wanda intanet ɗinsa ya yanke kafin rubutun ya gama saukowa. Abin da yake kira "mutum" ma burauza ce mai ɗauke da wata alama. Mutum ɗaya da ya shiga da wayarsa da safe ya dawo da kwamfuta da dare, biyu ne a wurinsa. Tun 2019 kuma burauzar Safari take goge irin kukis ɗin da JavaScript ya ajiye bayan kwana 7, saboda haka mai iPhone da ya yi kwana takwas bai leƙo ba zai iya dawowa a ƙirga shi sabon baƙo. Kada ka wahalar da kanka wajen sa manhajoji biyu su yi daidai. Zaɓi ɗaya, ka san makantarta, ka riƙa kwatanta wannan watan da wancan a cikinta.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo shi ne na lokacin da ake ɗauka a kan shafi. Ina da wani darasi mai tsawo da na fi ba wa ƙarfi, mutane suna zuwa masa kai tsaye daga bincike. Alƙaluma suka nuna mini cewa yawancinsu suna fita ba tare da sun taɓa wani shafi ba, kuma matsakaicin lokacin ziyararsu ƙasa yake sosai. Na yanke hukuncin cewa darasin ya gundure su. Na daddatsa shi gida-gida, kowane yanki da maɓallin "ci gaba" a ƙarshensa. Nan take yawan shafukan da ake buɗewa ya haura, lokacin ziyara ya ƙaru, na yi farin ciki.

Ga abin da ban sani ba. Tsohon tsarin Google Analytics ba shi da agogon da ke tafiya yayin da mutum yake karatu. Yana rubuta lokacin da ka buɗe shafi na farko, ya rubuta lokacin da ka buɗe na biyu, ya ɗebe wannan daga wancan. Idan babu na biyu, babu abin ɗebewa, sai ya rubuta sifili. Wanda ya zauna minti ashirin ya karanta darasin har ƙarshe, ya sami abin da ya zo nema, ya rufe, shi da wanda ya shigo bisa kuskure ya fita nan take duk ɗaya ne a wurinsa. Wato darasin yana biyan buƙatar mutane ne a shafi guda, ni kuma na karanta hakan a matsayin gazawa. Da na daddatsa shi, abin da na ƙara kawai shi ne wuraren da ma'aunin zai iya rubuta lokaci, da kuma wahala ga mai karatu, musamman wanda intanet ɗinsa ke jan ƙafa. Wata ɗaliba ce ta rubuto ta ce a da takan buɗe darasin sau ɗaya ta karanta ko babu data, yanzu kuwa sai ta jira kowane yanki ya buɗe, har ta haƙura a na uku. Saƙonta ɗaya ya gaya mini abin da jadawalin bai iya faɗa ba. Na mayar da darasin yadda yake, amma waɗanda suka tafi a tsakanin ban san ko sun dawo ba.

Sabon tsarin Google Analytics, wato GA4, ya sauya lissafin. Yana auna lokacin da shafin yake a gaban mutum, kuma yana ɗaukar ziyara a matsayin mai ma'ana idan ta wuce daƙiƙa 10, ko an buɗe shafi biyu, ko an yi wani aiki da kai ka ayyana mai muhimmanci. Wannan ya fi na da, amma ka lura, ita ma daƙiƙa 10 wani ne ya zaɓe ta. Ga mai sayar da kaya tana iya isa, ga mai koyarwa kuwa daƙiƙa 10 ko take ba a gama karantawa ba. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, Charles Goodhart, ya lura tun 1975 cewa da zarar an mai da wani ma'auni abin da ake kora, sai ya daina nuna abin da yake nunawa a da. Shi kan harkar kuɗi yake magana, amma abin da na yi wa darasina ke nan.

Kada ku ɗauka ƙananan masu aiki kaɗai wannan yake samu. A watan Satumba na 2016 Facebook ya amsa cewa ya daɗe yana kumbura matsakaicin lokacin kallon bidiyo, saboda wajen rabawa yana ƙirga waɗanda suka kalla daƙiƙa 3 ko fiye ne kawai, ya bar waɗanda suka wuce da sauri. A 2021 kuma Apple ya kawo wani tsari a manhajarsa ta Mail da ke sauko da hotunan cikin saƙo da kansa. Da yake ta wani ɗan hoto da ba a gani ake gane an buɗe imel, sai saƙonni suka riƙa nuna an buɗe su ko da mai su bai duba ba. Duk wanda ya ga wannan lambar ta haura a lokacin ya ce rubutunsa ne ya ƙara kyau, ya yaudari kansa.

Shi kansa matsakaici a yi hattara da shi. A ce mutum goma suka shigo, tara suka fita bayan rabin minti, ɗaya ya yi awa guda. Matsakaicin zai ce kowa ya yi sama da minti shida, alhali babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya yi haka. Haka kuma idan mutanenka kaɗan ne, hawa da saukar kullum ba labari ba ne. Na sha sauya launin maɓalli ko take saboda faɗuwar rana guda, wadda ba ta da wani dalili sai cewa ranar hutu ce.

Akwai kuma layin da ake kira zuwa kai tsaye a jerin wuraren da masu ziyara suka fito. Na daɗe ina ganin waɗannan mutane ne da suka haddace adireshina, har na rage tura sanarwa a manhajojin hira saboda ban ga sunansu a jerin masu kawo mutane ba. Sai ziyara ta ragu. Mahaɗin da aka danna daga cikin manhajar hira ko imel sau da yawa ba ya zuwa da bayanin inda ya fito, sai a jefa shi cikin "kai tsaye". Maganinsa mai sauƙi ne: ka liƙa wa kowane mahaɗi da za ka raba alamar UTM a ƙarshensa, ɗan rubutun da ke gaya wa manhajar ƙidaya inda mutum ya fito, wato utm_source da utm_campaign, ka rubuta sunan inda ka tura shi, kuma ka riƙe salon rubutu ɗaya, domin babban baƙi da ƙarami wurare biyu ne a wurin na'ura.

Yanzu abu biyu na fi kallo. Na farko, cikin waɗanda suka yi rajista a mako guda, nawa ne suka dawo a mako na biyu da na huɗu. Ba ta da daɗin kallo, takan yi ƙasa da yadda kake fata, amma talla ba ta iya kumbura ta, na'urori ma ba sa iyawa. Na biyu, matakan da mutum yake bi daga shigowa zuwa gama darasin farko, da wurin da ake zubewa. Ta nan na gano mutane da yawa suna tsayawa a fom ɗin rajista. Na ari wata ƙaramar waya na gwada, sai na ga da zarar allon rubutu ya fito yana rufe maɓallin aikawa, kuma shafin ba ya matsawa sama. Ni a babban allo nake aiki, ban taɓa gani ba. Lamba ta nuna mini wurin, amma sai da na riƙe wayar a hannuna na ga dalilin. Kafin ka ƙara auna wani abu, ka rubuta me za ka yi idan ya hau, me za ka yi idan ya sauka. Idan amsar ɗaya ce, ba ka buƙatarsa.

Wannan ya kawo ni kan maganar amana. A wani lokaci fom ɗina yana saka adireshin imel na mutum a cikin adireshin shafin da ke biyo bayan rajista, rubutun ƙidaya kuma yana aika adireshin shafi gaba ɗayansa. Wata rana ina duba jerin shafuka sai na ga imel ɗin ɗalibaina a jere a cikin rahoto. Sun ba ni ne don su shiga darasi, ni kuma na miƙa wa wani ba da saninsu ba. Ƙa'idar Google da kanta ta haramta aika irin waɗannan bayanai, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018 kuma tana iya hawa kanka idan kana yi wa mazauna can hidima. Amma ko babu doka, haƙƙin mutane ne. Ka buɗe jerin shafukanka ka nemi alamar @ a ciki. Idan buƙatarka kaɗan ce, akwai wasu manhajojin ƙidaya: akwai Plausible da ba ya amfani da kukis, akwai Matomo, wanda a da ake kira Piwik, da za ka iya ɗorawa a kan sabar taka bayanan su zauna a hannunka.

Ka kuma riƙa ajiye alƙalumanka da kanka. Ranar 1 ga Yuli, 2023 tsohon tsarin Google Analytics ya daina karɓar sabbin bayanai, bayan shekara guda kuma aka rufe hanyar ganin tsofaffin, kuma ba su wuce cikin sabon tsarin ba. Ni ban sauke nawa duka ba, saboda haka yau ba zan iya kwatanta shekarun farko na aikina da na yanzu ba. A GA4, bayanan dalla-dalla da ake yin bincike mai zurfi da su wata 2 ake riƙewa sai in ka shiga saiti ka mai da shi wata 14, kuma sauyin ba ya dawo da abin da aka riga aka goge. Search Console na Google, wanda ke nuna yadda shafinka ke fitowa a binciken Google, wata 16 yake nunawa. A ƙarshen kowane wata ka kwafe lambobi huɗu ko biyar da ka dogara da su cikin jadawalinka, a gefensu kuma ka rubuta abin da ka sauya a watan da ranar da ka sauya shi, har da ranar da ka sauya manhajar ƙidayar kanta.