Daren zaɓen NFL da zagayen fitar da gwani na NBA a 2024, a idon mai goyon bayan Denver

Duk mai bin wasannin Amurka daga wannan yanki namu ya san ƙarshen watan Afrilu ba lokacin barci ba ne. A makon ne ƙungiyoyi 32 na NFL, gasar ƙwallon ƙafar Amurka wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, suke zaɓar matasan da suka fito daga jami'o'i. A makon ne kuma zagayen fitar da gwani na ƙwallon kwando, wato NBA, yake ɗaukar zafi. Ƙarfe takwas na dare a gabashin Amurka, ƙarfe ɗaya ne na dare a wajenmu. A 2024 na ƙudura cewa zan bi duka biyun kai tsaye, ba zan jira labari da safe ba. Ni ɗan Denver ne a wasannin biyu. Nikola Jokic ne ya ja ni zuwa Nuggets ta kwando, daga nan son garin ya kai ni ga Broncos ta NFL.

Ga wanda ya saba da ƙwallon Turai, tsarin zai zo masa a juye. A can mai kuɗi ne yake sayen wanda yake so. A NFL kuwa ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita take fara zaɓa, zakara ya zo ƙarshe. Ana iya sayar da gurbin zaɓe kamar yadda ake musayar ɗan wasa, kuma nan ne ake yin ciniki mai ƙona hannu. Carolina ta ba Chicago gurabenta da ɗan wasanta DJ Moore a 2023 don ta ɗauki Bryce Young. Sai ta ci wasa 2 kacal cikin 17, gurbin farko na 2024 ya faɗa hannun Chicago.

An yi zaɓen a Detroit daga 25 zuwa 27 ga Afrilu, mutane sama da 700,000 suka halarta cikin kwana ukun. Ba a buga ƙwallo ko ɗaya. Shugaban gasar, Roger Goodell, yana fitowa a yi masa ihu kamar yadda aka saba, ya karanta suna, yaro ya rungumi mahaifiyarsa yana hawaye, a sa masa hula. A 2024 kowace ƙungiya tana da minti goma a zagayen farko. Chicago ta ɗauki Caleb Williams, Washington ta ɗauki Jayden Daniels, New England ta ɗauki Drake Maye. Dukansu kwatabak ne, mai jefa ƙwallon da duk hari yake tashi daga hannunsa. Atlanta ce ta girgiza kowa a gurbi na 8, inda ta ɗauki Michael Penix Jr. alhali ba ta daɗe da ba Kirk Cousins kwantiragin dala miliyan 180 ba. Na ji daɗin jin sunayen gida a tsakani: Rome Odunze a na 9, Olu Fashanu a na 11, dukansu masu tushe a Najeriya. Sai da aka kai gurbi na 15 kafin a kira ɗan baya na farko, Laiatu Latu.

Mu namu ya zo a na 12. Broncos sun sallami Russell Wilson a watan Maris, suka ɗauki asarar dala miliyan 85 a lissafin albashinsu, kuma kwatabak biyar sun riga sun tafi. Koci Sean Payton ya ɗauki Bo Nix na jami'ar Oregon. Kafin gari ya waye masu sharhi sun raba wa ƙungiyoyi maki kamar jarrabawa, kuma da yawansu ba su yi wa Denver da daɗi ba. Wai shekarunsa 24, ya tsufa ga sabon shiga, wai da an jira za a same shi a baya. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya fara wasa 61 a jami'a, tsakanin Auburn da Oregon, adadin da babu kwatabak ɗin da ya kai a lokacin. Wanda ya ga irin wannan yawan tsaron abokan hamayya ba zai firgita da wuri ba. Amma ni da masu sharhin duka hasashe muke yi, babu wanda ya ga yaron ya jefa ƙwallo ɗaya a NFL.

A daren nan guda, da na sauya tasha, sai ga wata duniya daban. Joel Embiid na Philadelphia, haifaffen Yaounde a Kamaru, ya zuba wa New York maki 50 da gwiwar da aka yi wa aiki watanni kaɗan kafin nan. Wajen ƙarfe uku Nuggets suka shiga fili a Los Angeles suka doke Lakers, suka yi uku babu ko ɗaya. A Detroit ana maganar abin da yaro zai iya zama. A filin kwando kuwa ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ƙungiyoyi biyu ne suke karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai, kuma duk raunin da kake da shi, kocin can zai gano shi a wasa na biyu ya riƙa dannawa har ka gyara ko ka fita.

Mun wuce Lakers da 4 da 1, Jamal Murray ya jefa ƙwallon nasara a daƙiƙun ƙarshe har sau biyu. Sai Minnesota. Wannan karawar ce ta fi komai koya mini a bazarar nan, kuma har yanzu tana mini ciwo. Sun ci mu biyu a gidanmu, muka ci uku a jere, suka yi mana kaca-kaca a na shida. Ranar 19 ga Mayu, a wasa na bakwai a Denver, muna gaba da maki 20 bayan an dawo hutun rabin lokaci. Aka tashi 98 da 90, su ne a sama. Murray ya ci 35, Jokic ya ci 34, sauran 'yan wasan gaba ɗaya suka haɗa 21. Bayan kofin da muka ci a 2023 Bruce Brown da Jeff Green sun tafi, aka dogara da yara a benci, ranar da aka fi bukatarsu ba su kai ba. Ina kallon Jokic yana haki a minti na ƙarshe na san ba rashin gwaninta ne ya kayar da mu ba, rashin mataimaka ne.

Da zafin ya lafa, sai na zauna ina duba inda kowane ɗan wasan Minnesota ya fito. Karl-Anthony Towns na farko ne a zaɓen 2015, Anthony Edwards na farko a 2020. Waɗannan kowa ya san da su. Amma Jaden McDaniels, wanda ya ci mana maki 23 a daren kuma ya hana Murray sakat tun farkon karawar, na 28 ne a 2020. Naz Reid, gwarzon 'yan benci na kakar, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi ma. Mutumin da ya haɗa wannan tawaga ta dogaye, ya kawo Rudy Gobert a 2022, shi ne Tim Connelly, wanda yana shugabancin Denver aka ɗauki Jokic a gurbi na 41 a 2014, lokacin da talabijin ke nuna tallar abinci. Ya san abin da ya gina, ya kuma san abin da zai tsayar da shi.

Boston ta ƙara fito mini da maganar fili. Sun ci wasa 64 a kakar, suka wuce zagayen fitar da gwani da nasara 16 da rashin nasara 3, suka doke Dallas ta Luka Doncic da Kyrie Irving 4 da 1, suka ɗaga kofi na 18 ranar 17 ga Yuni. Wasu sun ce hanyarsu ta yi sauƙi saboda raunukan abokan karawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tushen kofin nan yana 2013, lokacin da suka miƙa wa Brooklyn tsofaffin gwanayensu Kevin Garnett da Paul Pierce suka karɓi guraben zaɓe. Daga nan Jaylen Brown ya fito, na 3 a 2016, wanda wasu magoya bayan Boston ɗin suka yi wa ihu a daren da aka kira sunansa. Daga nan Jayson Tatum ya fito, na 3 a 2017. An sha cewa a raba su, ba za su iya tare ba, musamman bayan sun faɗi a wasan ƙarshe na 2022. Shekara takwas bayan wancan ihun, Brown ne gwarzon wasannin ƙarshe.

Tun daga nan na daina karanta makin da ake raba wa ƙungiyoyi washegarin zaɓe. Abin da nake dubawa shi ne gidan da yaron ya faɗa: wane ne koci, su wane ne za su tsare shi daga masu kawo masa hari, ko shugabannin suna da haƙuri. Kakar 2024 ta nuna haka ƙarara. An kayar da Caleb Williams da ƙwallo a hannu sau 68, Chicago ta kori kocinta a tsakiyar kaka, ta ƙare da nasara 5. Daniels, na biyu, ya samu gida mai tsari, ya kai Washington wasan kusa da na ƙarshe, ya zama gwarzon sababbin 'yan gaba. J.J. McCarthy, kwatabak ɗin da Minnesota ta NFL ta ɗauka, bai buga ko wasa ɗaya ba saboda ciwon gwiwa. Na kuma koyi girmama kwana na uku na zaɓen, wanda yawancin mutane ba sa kallo. Brock Purdy shi ne na ƙarshe, na 262, a 2022, kuma ya kai San Francisco wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, a Fabrairun 2024 da albashin da bai kai dala miliyan ɗaya ba a shekarar. Rarar kuɗin ita ta ba su damar tara gwanaye kewaye da shi.

Ta fuskar barci kuwa, jiki ya nuna mini iyakarsa. Yanzu zagayen farko na zaɓen kawai nake kallo kai tsaye, ina yin barci bayan isha'i in tashi tsakar dare. A kwando nakan tanadi ƙarfina don wasa na biyar zuwa na bakwai. Sauran nakan kalle su bayan sallar asuba, ba tare da na taɓa waya ba don kada sakamako ya riga ni.

Bo Nix ya jefa ƙwallon ci 29 a shekararsa ta farko, Broncos suka ci wasa 10, suka shiga zagayen fitar da gwani karon farko tun kakar 2015, kafin Buffalo ta tsayar da su da 31 da 7. Na yi murna sosai, amma ban ce an gama magana ba. Kwantiragin ɗan zagayen farko shekara huɗu ne, kuma bayan kaka ta uku ƙungiya take yanke shawarar ko za ta ƙara masa ta biyar. Na Nix zai zo a 2027, kuma sai lokacin zan faɗi ko gurbi na 12 ya biya kuɗinsa.