Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kakar Farko a Gonar Alfaka

A makon jiya na tsaya a inda na samu aikin Asabar da Lahadi a wata gonar alfaka a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila, don in riƙa cike giɓin kuɗin haya.

Ni a sanina kaka lokacin wadata ne: sabon gero, rumbu ya cika, a shiga ɗaura aure. Can kuwa ganye ne ke zuba, ga yayyafi ba dare ba rana, ga taɓo har idon sawu. Lahadin ƙarshe ta Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ga magariba tana riskata a cikin garke tun wajen ƙarfe 5.

Ga wanda bai taɓa ganin alfaka ba, 'yar'uwar raƙumi ce, sai dai ba tozo, ba ta kuma kai jaki girma ba. Asalinta tsaunukan Andes ne, galibi a ƙasar Peru, kuma don gashinta ake kiwonta. Sau ɗaya ake yi mata aski a shekara, kafin zafi, saboda haka zuwa kaka gashin ya sake tofowa ya lulluɓe ta. Nan gizo ke saƙar.

Ran nan na nuna wa uwar ɗakina wata farar alfaka na ce ta yi ƙiba. Tsohuwar ba ta ce uffan ba, ta kama hannuna ta ɗora a gadon bayan dabbar. Yatsuna suka nutse cikin gashi har suka taɓo ƙashin baya, tsini kamar bakin fartanya. Ashe shayarwa ta tsotse ta. Kunya ta kama ni, domin tun ina yaro nake ganin Baba a kara yana lalubar bayan rago kafin ya taya. Abin da na baro a gida, shi Baturiya ta zo tana koya mini.

Daga ranar duk wadda na kama sai na laluba. Muka yanke musu farce, muka jera ingirici a rumfa, muka fara yi musu allurar bitamin D. Dabbobin kan tsauni ne da suka saba da rana mai ƙarfi, hasken hunturun Ingila ba ya isarsu, ƙananan har ƙafafunsu kan lanƙwashe. A raina na ce ni ma da za a tsira mini allurar da ban ƙi ba.

Sai gwajin ciki. Alfaka kan yi wata 11 da ɗoriya kafin ta haihu. Kawo namiji ake yi kusa da mace: in ba ciki sai ta durƙusa, in akwai ta tofa masa. Ni ne riƙe da igiyar namijin. Ja'irin ya san kwanan zancen, ya kautar da kai, abin ya sauka a fuskata. Ba yawu ba ne, koren abin da ta tuƙo ne daga ciki. Tsohuwa na ta murna an samu ciki, ni ina neman famfo. Sau uku na wanke hular, daga baya na haƙura da ita.

Da yammacin Lahadin muka raba 'ya'ya huɗu da iyayensu don yaye, sun kai wata shida. Ina rufe ƙofa na ƙirga, na ga uku.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.