Dalar azurfa ta ƙasar Sin: yadda ake gane ta gaske kafin a miƙa kuɗi

A Yamai ba a koya wa mutum darajar azurfa. Maƙeran farfaru da ke aiki a Wadata da cikin gidan tarihi na Boubou Hama sun san ta a hannu, kuma tsofaffi ba su manta da dalar Mariya Tereza ba, waccan mai hoton gwaggo da shekarar 1780, wadda aka riƙa narkarwa ana ƙera zobba da mundaye. Sai dai mu nan mun saba sayen azurfa da nauyi: a ɗora a sikeli, a faɗi kuɗin giram. Tsohuwar dalar Sin ba haka ake cinikinta ba. Kwabo biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya ba ta wuce kuɗin ƙarfenta da yawa, ɗayar kuma sai ta sayi gida. Wannan ratar ce ta jawo masu tarawa, ita ce kuma ta jawo masu buga jabu, waɗanda kayansu ya fi na gaske yawa nesa ba kusa ba.

Sinawa sun daɗe suna ciniki da azurfa kafin su fara buga dalarsu. Kuɗin talaka kwabon tagulla ne mai huda mai kusurwa huɗu, ana shirya shi a igiya kamar yadda kakanninmu suka ƙirga wuri. Babban ciniki kuwa da dunƙulen azurfa ake yi, mai siffar ƙaramin kwalekwale, ana auna shi da ma'aunin liyang, wajen giram 37. Daga baya dalar Sipaniya ta shigo ta hanyar Manila, sannan ta Meziko mai hoton gaggafa ta biyo baya. 'Yan kasuwa suka ga kuɗi mai nauyi tsayayye ya fi dunƙulen da sai an yanka an auna, suka rungume shi. Kowane ɗan canji da ya gwada dala ya yarda da ita sai ya buga mata ƙaramin hatiminsa, shi ya sa ake ganin wasu duk fuskarsu ta yi zanzana.

Mai mulkin yankin Guwandong, Zhang Zhidong, shi ya ce a daina dogaro da kuɗin baƙi. Ya sayo injuna daga kamfanin Heaton na Birmingham a Ingila, aka buɗe gidan buga kuɗi a 1889 a birnin Gwangzu, garin nan dai da 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya yau. Bugun farko an yi shi da ɗan nauyi fiye da dalar Meziko, sai mutane suka riƙa ɓoye shi, don haka a 1890 aka rage. Daga nan rubutun da ke kewaye da hoton dodon da ke jikin dalar ya zauna a kan 7 MACE AND 2 CANDAREENS, wato kusan giram 27, azurfa kashi 90 cikin 100. Sauran larduna suka bi sahu, kowa da nasa dodon: Hupeh, Kiangnan, Peiyang, Fengtien, Kirin, Szechuen, Yunnan. Kusan haka sunayen suke a jikin kuɗin, da tsohon rubutun boko. Dodon nan mai jikin maciji da farata da gashin baki alamar sarauta ce, kuma masu tarawa suna bin sa dalla-dalla: yawan ƙayoyin wutsiya, siffar gajimare, ko idanu sun fito ko sun lotsa. Bambancin ɗigo guda yakan ninka farashi.

Wadda za ka fi cin karo da ita ita ce ta Yuan Shikai, shugaban jamhuriyar da ta gaji sarauta a 1912. An fara buga ta a 1914, wani Ba'italiye mai suna Luigi Giorgi ya sassaƙa hoton a gidan buga kuɗi na Tiyanjin. Ka riƙe ta ka duba: mutum ne ƙaƙƙarfa cikin kayan soja, ya fuskanci hagu, wuya kauri, gashin baki, kai kamar tulu. Sinawa da kansu suna ce mata mai babban kai. A baya akwai haruffa biyu masu nufin yuwan ɗaya, zagaye da zangarniyar hatsi. Azurfarta kashi 89 ne, faɗinta milimita 39.

Shekaru huɗu kaɗai ke jikin wadda aka buga don kasuwa: ta 3, ta 8, ta 9 da ta 10 na jamhuriya. Ka ƙara 1911 ka sami shekarar boko, wato 1914, 1919, 1920 da 1921. Ba sai ka iya Sinanci ba za ka karanta. Rubutun yana saman kan, daga dama zuwa hagu kamar ajami. Idan haruffan shida ne, ta shekara ta 3 ce, kuma harafi na biyu daga hagu layuka uku ne a kwance, 三. Idan bakwai ne, ka dubi na uku daga hagu: 八 takwas, 九 tara, 十 goma. Aka kawo maka mai wannan hoton da wata shekara daban, ka mayar masa da kayansa. Ta shekara ta 8 ita ce mafi wuyar samu cikin huɗun.

Ga inda labarinta ya yi kama da na Mariya Tereza. Yuan ya mutu a 1916, amma mutane sun riga sun yarda da fuskarsa, sai aka ci gaba da buga ta da tsohuwar shekara har zuwa farkon shekarun 1950, domin yankunan da ba su amince da takarda ba. Saboda haka shekara ta 3 a jiki ba ta nufin 1914 aka buga, kamar yadda 1780 ba ta nufin komai a kan waccan. Kuma tunda an buga ta da ɗimbin yawa, ta gaske wadda ta sha hannu ba abar mamaki ba ce. Kada wani ya ce maka guda goma suka rage a duniya.

Ta ƙarshe a jerin ita ce mai jirgin ruwa, da hoton Sun Yat-sen, uban jamhuriyar, a gaba, giram 26.7, azurfa kashi 88. Bugun 1932 yana da tsuntsaye uku a saman jirgin da rana tana fitowa a gefe. Japan ta riga ta mamaye yankin Mancuriya na ƙasar Sin a 1931, sai jama'a suka ce ranar nan tutar Japan ce, tsuntsayen kuma jiragen yaƙinta. Aka janye shi, aka sake bugawa a 1933 da 1934 ba rana ba tsuntsu. Mai tsuntsayen ita ce mai tsada yau. Ba a jima ba Amurka ta kafa dokar sayen azurfa a 1934, farashi ya tashi, azurfar Sin ta riƙa kwarara waje, a Nuwamban 1935 gwamnati ta koma kuɗin takarda.

Akwai kuma dalar mota ta lardin Kweichow, 1928, wadda gwamna Zhou Xicheng ya sa aka buga don murnar hanyar mota. Kowa yana son ta, don haka kusan duk wadda za ka gani a tebur jabu ce.

To, yaya ake gwadawa? Kayan aikin ba su da tsada: sikelin masu zinariya mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ma'aunin kauri irin na makanikai, madubin masu gyaran agogo, mayen ƙarfe, zare da kofin ruwa.

Nauyi ne farko. Dala ta gaske takan faɗo tsakanin giram 26 da 'yan kai zuwa 27, gwargwadon yadda ta goge. Mai giram 20 ko 23 ba ta buƙatar wani dogon bincike. Sai faɗi, milimita 39, da kauri wajen biyu da rabi. A haɗa ukun tare, domin mai jabu yana iya cika nauyi, amma idan ƙarfensa bai kai azurfa nauyi ba dole ya ƙara kauri. Mayen ƙarfe kuwa kada a ba shi girman da ba nasa ba. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafe, magana ta ƙare. Idan bai kama ba, bai ce komai ba, domin tagulla da dalma ma ba ya kama su. Da yawa an cuce su a nan: mai kaya ya manna mayen ƙarfe a gabansu ya faɗi, suka ɗauka shaida ce.

Gwajin ruwa shi ne wanda ya fi cancanta a koya. Ka auna dalar a bushe, a ce giram 26.7. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ka ɗaure dalar da siririn zare, ka sauke ta cikin ruwan har ta nutse duka, amma kada ta taɓa gindin kofi ko gefensa. Lambar da sikeli ya nuna ita ce nauyin ruwan da ta ture. Ta gaske za ta nuna wajen 2.6. Ka raba 26.7 da 2.6, ka sami kusan 10.3, wanda shi ne daidai da azurfa mai gamin tagulla kashi 10 ko 11. Idan sikeli ya nuna 3.0, lissafi ya ba da 8.9, wannan tagulla ce ko farin ƙarfen da ake haɗawa da ita. Abin da ke ɓata gwajin ƙanana ne: kumfar iska da ta maƙale a jikin dala ko a ƙullin zare, zare mai kauri, fanka tana kaɗa ruwa, hannu yana rawa. Ka rataye zaren a wani abu tsayayye, ka maimaita sau uku. Sikelin da ke nuna kashi ɗaya cikin goma kawai ba zai wadatar ba, domin tsakanin 2.6 da 2.7 amsar tana motsawa sosai. Bayan ka gama ka dangwala ta da auduga, kada ka goge.

Sauti ma yana magana. A ɗora ta a kan yatsa, a ɗan buga gefen da fensir: azurfa tana yin amo mai tsawo mai taushi, tagulla tana yin ƙara mai kaifi, dalma kuwa sai ka ji kamar an buga ƙwarya. Dalmar ce ke iya ruɗin gwajin ruwa idan an gauraya ta da dabara, amma ba ta iya ruɗin kunne. 'Yan canjin Sin na da hura gefen dala suke yi su kai kunne. Abin da ba a yi shi ne jefa ta a siminti. Kowace faɗuwa tabo ce a gefe, tabon kuma ragi ne a farashi.

Sannan madubi. Dala ta gaske inji ne ya danne ta, haruffanta suna da kaifi, filinta sumul. Wadda aka narka aka zuba a mazubi tana da ƙananan ramuka kamar yashi, haruffa sun yi laushi, wani lokaci har da siririn layi a gefe inda rabi biyun suka haɗu. A dubi haƙoran gefe, a dubi kunnen Yuan da gashinsa, a dubi ɓawon jikin dodo. Baƙin tsufa na gaske yana zama cikin lunguna ya bar tudu da haske; na ƙarya shafa shi aka yi ko'ina bai ɗaya, wani ma yana fita a yatsa. Ƙananan hatiman 'yan canji ba hujja ba ne, masu jabu suna buga su su ma.

Duk waɗannan suna kama jabun talakawa ne. Ga nau'o'i masu tsada ana yin jabu da azurfa ta gaske, nauyi daidai, sauti daidai. Irin waɗannan sai kamfanonin tantancewa, PCGS ko NGC, masu rufe kuɗin cikin roba mai tauri da lamba. Ita ma robar ana kwaikwayonta, don haka a shigar da lambar a shafin kamfanin a kwatanta hoton da abin da ke hannu, tabo da tabo. Mai cewa ya sayo dalar dodo a Gwangzu ko Yiwu a araha kuma ya sani cewa dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihi na kafin 1911. Abin da ake sayarwa buhu-buhu a can kayan ado ne, masu shagon ma ba sa ɓoyewa.

Wajen ciniki ka fara da ƙasan farashi. A cikin dalar Yuan akwai azurfa zalla wajen giram 23.8. Ka tambayi kuɗin giram na ranar ka ninka, ka san abin da ba za ka yi asararsa ba ko da narkarwa ta zo. Duk jikkar da ka ɗora a sama, kana biyan fuska ne da ƙarancin samu. Idan aka yi maka tayin ƙasa da kuɗin ƙarfen kansa, ai araha ba ta ado.

Kuskuren da ya fi ciwo bayan saye ake yin sa. A wajenmu azurfa mai kyau ita ce mai ƙyalli, sai a kai wa maƙeri ya goge, ko a bi ta da toka, lemun tsami ko man goge baki. Wannan yana kankare fatar da inji ya bari, ya cika fuskar da ƙananan zane, kuma masu tarawa suna gani nan take su rage kuɗi sosai. Haka gwajin maƙera na kartar gefe da zarto ko ɗiga ruwan asid: ya dace da munduwa, amma ya kashe dala. Huda don rataya ko liƙa mata kunne, shi ma ya mayar da ita kuɗin nauyi.

A riƙe ta ta gefe, ba ta fuska ba. A ba kowace gidanta, kada su gogi juna. Leda mai laushi irin ta PVC tana zubo wani kore mai danƙo, balle a zafin watan Afrilu. Robar ɗaure kuɗi, jarida da jakar fata suna baƙanta azurfa saboda sinadarin da ke cikinsu. Ƙaramar roba mai tauri mai faɗin milimita 39 ko 40 ita ce daidai, cikin gwangwani mai murfi, da 'yar jakar nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi saboda damina. In ƙurar hunturu ta hau kanta, a hure ta da robar hura iska, kada a sa tsumma.