Magani a hannu, ciwo a tsakar gida: abin da gubar dalma ta koya mini a Zamfara

A makarantar koyon aikin lafiya an karantar da mu cewa yaro in ya zo da zafin jiki da jijjiga, a fara zargin zazzaɓin cizon sauro. In kuwa lokacin zafi ne, wuya kuma ya sandare, to sanƙarau ne. Karatun ba shi da laifi, domin waɗannan su ne ke ɗauke yaranmu shekara da shekaru. Gubar dalma kuwa layi biyu ce a littafi, ciwon masu aikin batir da fenti a ƙasashen nesa. Shi ya sa a farkon 2010, da yara suka soma mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maganin zazzaɓi aka yi ta ba su. Sai a watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka fito sintirin sanƙarau, suka ga mace-macen sun wuce misali, yaran kuma ba sa jin magani. Aka tura jini ƙasar waje, sakamako ya dawo: dalma ce.

Ina cikin 'yan ƙasa da suka yi aikin gwajin jini da bibiyar yara a yankin Anka bayan wannan lokaci. Abin da na sani game da aikin lafiya a yau, rabinsa a can na same shi.

Yadda gubar ta shiga gidaje ba wani abin mamaki ba ne. Oza ɗaya ta zinariya da ba ta kai dala 300 ba a 2001, zuwa 2010 ta haura dala 1,200. Manomin da gero da dawarsa ba sa kai shi wata damina ya ji akwai arziki a ƙarƙashin dajinsu. Maza suka shiga rami, suna ɗauko dutse a buhuna su kawo gida, domin dutse mai zinariya ba a barin sa a daji. Mata da ke cikin kulle suka samu sana'a ba tare da sun fita ba: su farfasa, su daka a turmi, a kai injin niƙa, irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a wanke garin, a kama zinariyar da zaiba. Ashe jijiyar dutsen da suka faɗa wa cike take da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, a tabarma, a kwano, a kan shanyar hatsi. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma hanjinsa ya fi na babba zuƙe dalma nesa ba kusa ba. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi da hukumomin Najeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara aƙalla 400 ne suka mutu.

Na'urar auna dalma a jini da ake yawo da ita ba ta karanta ma'aunin da ya wuce 65, alhali a wancan lokaci ma'auni ya kai 10 an fara damuwa, 45 kuma a fara magani. Sau da yawa sai ta nuna cewa abin ya fi ƙarfinta kawai. Akwai yaran da nasu ya kai ɗaruruwa.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne ɓoye mutuwa. Ka shiga gida ka tambaya ko an yi rashin yaro bana, a ce maka lafiya lau, alhali maƙwabta sun riga sun gaya maka biyu aka binne. Baƙi daga birni suna jin haka sai su ce jahilci ne, ko su ce mutanen sun jingina komai ga ƙaddara. Ni ban ga jahilci ba. Lissafi na gani. Maigidan ya san in ya ce e, gobe za a zo a rufe ramin da ya fitar da shi daga bashi, ya saya masa babur da kwanon rufi. Wani dattijo da na tsaya ina yi wa bayani a zaurensa ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Likita, mun jiya. To in mun bar dutsen ga, mi za mu ci?" Na ce, "Baba, Allah ya kawo mafita," domin a cikin jakata babu amsar tambayarsa. Kowane ma'aikacin lafiya a ƙauye likita ne, ko da allura kawai ya iya, amma wannan tambaya ba ta likita ba ce, kuma ita ce ke riƙe da ciwon.

Sai maganar magani. Akwai ƙwayar da ke kama dalma a cikin jini ta fitar da ita ta fitsari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, kuma sai an yi kusan mako uku ana ba yaro, uwa na zaune da shi. Tana aiki, na ga yaran da aka kawo ba sa gane uwarsu sun tashi suna wasa. Amma in aka sallami yaro ya koma tsakar gidan da ya kwaso ciwon, ɗiban ruwa da rariya aka yi. Ga kuma dalmar da ta riga ta shige ƙashi, wadda ke sake tsattsafowa cikin jini bayan an gama shan magani, har sai an maimaita. Don haka aka kafa ƙa'ida mai ɗaci: ba a fara maganin yaran gari sai an share ƙasar garin. Sharewar kuma aikin shebur ne da baro. A kankare saman ƙasa kamar santimita biyar, gida-gida, ɗaki-ɗaki, a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranci aikin tare da ma'aikatar muhalli ta jiha, samarin garuruwan kuma su suka yi shi da hannunsu. Zuwa 2011 an gama ƙauyuka bakwai.

Bagega ta rage, kuma ita ce babba. An ƙiyasta yara kusan 1,500 ne ke cikin haɗari a can. Likitoci suna Anka, magani na cikin kwali, amma ba damar bayarwa, saboda kuɗin share ƙasa da gwamnatin tarayya ta yi alkawari bai fito ba. Sai a Janairun 2013 aka saki kuɗin, bayan matasa sun tayar da ƙura a intanet da gangamin ceto Bagega, 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam kuma sun matsa. Kusan shekara uku ke nan da gano ciwon. Wanda ke zaune a ofis yana ganin jinkirin takarda ne. Ga yaron da aka haifa a 2010, shekarun nan uku su ne lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, kuma ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. A nan na gane cewa sa hannun akawu a Abuja yana cikin maganin yaro, kamar yadda ƙwayar take ciki.

Mu ma'aikatan lafiya muna ƙirga wanda ya mutu da wanda ya rayu, mu rufe littafi. Malamin firamare shi ake bar wa sauran. Akwai yaran da suka tsira da makanta, ko shanyewar jiki, ko farfaɗiya, waɗannan kowa na ganin su. Waɗanda suka fi yawa ba a ganin komai a jikinsu, sai dai a biya musu karatu sau goma bai zauna ba, ga rashin natsuwa, ga saurin fushi. A makarantar allo da ta boko sunansu ɗaya, daƙiƙai, kuma bulala ce rabonsu. Malamin da ke fama da aji mai cunkoso, ba wanda ya taɓa gaya masa tarihin jinin yaran da ke gabansa. Ma'aikatar lafiya, ta ilimi, ta muhalli da ta ma'adinai kowace da fayil ɗinta, yaron kuwa guda ɗaya ne.

Game da hana haƙa, ra'ayina ba ya yi wa wasu abokan aiki daɗi. Duk lokacin da aka ce an haramta, aikin ba ya tsayawa, ɓuya yake yi, kuma maɓoyar da ta fi kowace tsaro ita ce cikin gida, inda baƙon namiji ba ya shiga, inda kuma yara suke. Abin da na ga ya yi tasiri bai kai doka ƙara ba. Sarakuna da hakimai suka sa aka fitar da injinan niƙa bayan gari. Aka koya wa masu haƙa su jiƙa dutse kafin niƙa don ƙura ta kwanta, su yi wanka su sauya tufafi a wurin aiki kafin su koma gida su ɗauki yaro. Liman in ya faɗi wannan bayan sallar Juma'a ya fi takardar bango ɗari. Mutum yana karɓar shawarar da ta bar masa abincinsa. Wadda ta ce ya zaɓa tsakanin ɗansa da tuwon gidansa, zai ce maka to, ka juya baya ya ci gaba.

Ban ce an koyi darasin ko'ina ba. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, nan ma sai da aka yi jiran kuɗin share ƙasa. A Zamfara kuma 'yan bindiga suka rufe hanyoyi, garuruwan da muke zuwa bibiya suka gagara shiga, iyalai suka watse zuwa Anka da Gusau da katin asibitin yaransu a cikin ƙullin kaya, wasu ma babu katin. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a Afrilun 2019 saboda tsaro, MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a 2022, aka kuma ɗage haramcin a Disambar 2024. A 2025 oza ɗaya ta zinariya ta wuce dala 3,000, fiye da ninki biyu na farashin da ya tura mutanen Dareta cikin rami. Shi ya sa duk ɗalibin da aka turo mini koyon aiki, ina gaya masa in uwa ta kawo yaro mai jijjiga, bayan ya gwada zazzaɓi ya tambaye ta sana'ar maigidanta, da inda ake niƙa musu hatsi.